Rudun da Na Ɗaura wa Barewa

Lahadi, 6 ga Oktoba, 2024

Barewa biyu sun mutu yau. Bari in rubuta, ko na daina juya abin a kaina.

Da safe masu zuba ciyawa suka ga wata a babban shinge tana ɗingishi. Wayar ƙarfe ce ta naɗe mata ƙafar baya ta hagu, irin siririyar nan da ake ɗaure damin ciyawa da ita. Mudir, mai kula da gonar, ya ce a bi ta da mota a jefa mata raga. Na ce gudu cikin wannan zafin kashe barewa yake yi. Ya ce, "Yalla Daktora, haka muke yi tun ba ki zo ƙasar nan ba." Sai na yi shiru. Da shirun kaɗai ne ma da sauƙi. Har motar na shiga.

Minti ashirin muna kewaya garken. Mai ciwon ko kusa da ita ba mu je ba, da ƙafa uku ta bar mu. Waɗanda suka faɗi kuwa lafiyarsu ƙalau suka wayi gari. Ɗaya da ciki. Da na buɗe su da la'asar, naman cinyarsu ya yi fari fat kamar an tafasa.

Ni ce likitar dabbobin gonar. Ni na sa hannu a takardar mutuwarsu. Wata biyar da fara aiki, bayan shekara uku ina zaune a unguwar Muntazah, a nan Doha, ina kallon motoci ta taga.

Mijina Muhsin yana wurin aikinsa a Ras Laffan, sai Alhamis zai dawo. Na ɗora shinkafa na manta da ita. Na share falo sau biyu.

Litinin, 7 ga Oktoba

Mudir ya kira ni ofis. Mai gonar ya yi tafiya, zai dawo ranar ashirin ga wata, kuma da kansa yake zagaya bareyinsa. "Ba zai dawo ya tarar da gurguwa ƙafa tana ruɓewa ba. Ko ki cire mata, ko ranar sha tara da yamma in sa a harbe ta. Khalas, magana ta ƙare." Biyun jiya bai ambace su ba. Na san kan wa za a ɗora su.

Ina da bindigar allura, ta sa dabba barci, amma ba ta wuce mita ashirin da biyar. Tun jiya kuwa, garken da sun hango mota ko mutum sai dai ka ga farin gindinsu. Shingen ya kusa kilomita biyu, fili fetal, daga kurna huɗu, waɗanda a nan ake ce wa sidra, sai kwamin ruwa ɗaya tak.

Na kalle ta da madubin hangen nesa. Saman kofaton ya fara kumbura. Na sa mata suna Mai Waya, duk da na sha hana kaina sa wa dabba suna.

Talata, 8 ga Oktoba

Na kwanta a bayan tankin ruwa tun ƙarfe biyar na safe. Har tara ko ɗaya ba ta matso ba. Suna can nesa, duk sun ɗaga hanci sun fuskanto ni. A ƙasa iska ke kai musu labarina.

Ina kwance cikin yashin abin ya faɗo mini: rudu. Gadon itacen nan mai dogayen ƙafafu da Baba yake ɗaurawa a bakin tafki da rani, ya rufe shi da ganye, ya hau ya yi kwanton barewa da gada. Ina 'yar shekara takwas ya taɓa ɗora ni a kai da rana tsaka, wai in ga duniya. Iyakar sanina ke nan. Tsayinsa nawa, ta wane gefe ake kafa shi, oho. Lokacin da ya kamata in tambaya, kunya nake ji a ce ubana maharbi ne.

Yanzu kuma da wane baki?

Shekara shida ke nan. Ina aiki da masu kare namun daji bayan bautar ƙasa, na rubuta rahoto a kan ƙauyukan da ake ɗana tarkon waya, na sa namu a ciki. Gaskiya na rubuta. Amma da aka zo bincike ba a tsaya tantance wa ke ɗanawa ba, gidan duk wani maharbi aka shiga. Baba bai taɓa ɗana waya ba a rayuwarsa. Aka zaunar da shi a ƙasa a ƙofar gidansa, maƙwabta suna kallo, aka tafi da adakarsa, bindigar da ya gada wurin kakanmu. Tun daga ranar idan na kira sai, "Lafiya lau. Allah ya yi albarka. Ga Innarki." Bai taɓa zagina ba. Da ya zaga ma.

Na ɗauki salula na ajiye ya fi sau goma. Ƙarshe na tura wa ƙanwata Ikhlas saƙon murya, na ce ta tambaye shi kamar ita ce ke son sani. Ta ce, "Yaya, ni da nake koyar da 'yan firamare, me zan yi da rudu?"

Laraba, 9 ga Oktoba

Ikhlas ta faɗa masa gaskiya, ta kuma naɗo mini muryarsa. Ina jin kaji, ina jin turmin Inna a baya.

"Ki ce mata tsayin mutum biyu, kada ya gaza. Ki ce mata ta fara sanin inda iskar safiya ke fitowa. Iskar ta bi ta kan ruwan ta zo ta same ta, ba ta bi ta kanta ta je ruwan ba. Rana ta fito ta bayanta. Ki ce mata ban da ƙusa, ƙusa kuka take yi. Igiya."

Ikhlas ta ce, "Baba, ai tana jinka, ka faɗa mata da kanka mana." Ya ce, "Ke nake faɗa wa."

Can ya tambaya me zan harba. Ta yi masa bayani. Sai ya ce, "Waya. Mugun abu ce waya." Shi ke nan.

Sau shida na saurara a mota, a hanyar Shahaniya, inda gonar take.

Mudir dariya ya yi. Ya ce in ina so in gina bene ma, ranar sha tara dai tana nan. Amma ya ba ni Malam Bawah, kafintan gonar, dattijo ɗan Zangon Kumasi.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Yini guda a unguwar Najma. A nan Malam Bawah yake da ɗaki, kuma babu lungun Haraj, kasuwar kayan gwanjo, da bai sani ba. Mun samo katako huɗu masu kauri na ƙafafu, da tsofaffin allunan da magina suke takawa, da tulin igiya. Zufa har cikin takalmi.

Har yau ban saba da Hausarsa ba, kowa "kai" ne a wurinsa, mace da namiji. "Dakta, kai da igiyanka! Mutum zai hau mita uku da rabi a kan igiya? In ka faɗo me zan gaya wa mijinka?" Na ce haka babana ya ce. Ya ce babana itacen daji mai gwafa yake samu, mu kuwa katakon kanti ne, santsi gare shi, igiya ba ta riƙe shi.

Mun yi ta ja-in-ja a tsaye a rana. Ƙarshe shi ya kawo dabara: ƙafafun a ɗaure su da noti, amma a yanka tsohon tub na taya a sa a duk inda katako ya haɗu da ƙarfe. Dandamalin da bangon kuwa igiya zalla. Muka harhaɗa dandamalin a lungun bayan shagon abokinsa. Ya hau ya yi tsalle sau uku, da tumbinsa da komai. Ko ƙis. Ya ce, "Ka ji? Gaya wa tsoho an yi shiru."

Muhsin ya dawo. Ya ɗauki zanena ya juya shi sama da ƙasa, ya zaro biro ya ƙara katakai biyu a gicciye a kowane gefe. Sannan ya ce, "Ba wani namiji da zai hau a madadinki?" Na ce wa zai auna maganin, wa ya san inda allurar za ta shiga? Ya ce shi dai bai kawo 'yar mutane Doha don ta karye a daji ba. Na ce 'yar mutanen ta shekara uku a falonsa ba ta karye ba, ai ya ga amfanin da ta yi.

Bai kamata in faɗi haka ba.

Juma'a, 11 ga Oktoba

Hutu. Na rasa inda zan sa kaina. Na wanke labule. Na fito da kwanukan kabad na mayar. Ƙafar nan tana can tana kumbura ni ina nan ina goge murhu.

Bayan masallaci Muhsin ya fita bai ce ga inda za shi ba. Ya dawo da ɗamarar da masu aikin sama suke sawa, mai ƙugiya, ya ajiye a kan gado. Ba wanda ya tayar da maganar jiya.

Asabar, 12 ga Oktoba

Rudun ya tsaya.

Iskar safiya a nan daga arewa maso yamma take zuwa, na sha gwadawa da garin toka a tafin hannu. Don haka muka kafa shi kudu maso gabas da kwamin, taku ashirin da biyu, a jikin kurna mafi girma. Rana ma ta bayana za ta fito. Mu biyar muka ɗaga, ni da Malam Bawah da masu ciyawa uku. Ƙafa ɗaya ta nutse cikin yashi, rudun ya karkata kamar zai kwanta a kanmu, sai da muka sauke muka haƙa muka sa faffaɗan dutse a ƙarƙashin kowace ƙafa. Bangon kuwa ganyen dabino muka saƙa, muka bar 'yar taga daidai faɗin hannu biyu.

Na hau. Daga can sama shingen duka a tafin hannunka yake. Hannuwana duk sun yi kanta, ƙaya ta tsaga mini hijabi.

Na tura hoto. Amsa ta zo ta bakin Ikhlas: tsanin ya yi fari da yawa, a shafe shi da laka. Kuma a bar rudun kwana uku cur, kada kowa ya je kusa, sai sun ɗauke shi itace cikin itatuwa.

Kwana uku! Bai ga ƙafar ba ne.

Lahadi, 13 ga Oktoba

Daga nesa. Ta daina taka ƙafar kwata-kwata. Haƙarƙarinta sun fara fitowa.

Litinin, 14 ga Oktoba

Na hau. Na san an ce kwana uku. Na ce wa kaina jiya sun sha ruwa a gabansa, ai sun saba.

Na yi asuba a ofis, na taka ni kaɗai. Gari yana wayewa suka taho a jere, sun fi arba'in. Ƙafata ta yi sanyi, na gyara zama, na sake gyarawa, na duba agogo, na leƙa ta tagar. Saura kamar mita sittin wata tsohuwa da ke gaba ta tsaya cak. Ta ɗaga kai. Ba kwamin ta kalla ba, ni ta kalla. Ta buga ƙafa a ƙasa, ta yi wani huci ta hanci, shi ke nan. Ko ɗaya ba ta rage ba.

Ba su dawo ba har na bar gonar da yamma. Yini guda ba ruwa, cikin wannan ranar, har da masu shayarwa. Ni na jawo. Sau biyu ke nan cikin kwana tara.

Na faɗa wa Ikhlas komai, ban rage ba. Har yanzu ba amsa. Ina ta duba salula kamar wata yarinya.

Talata, 15 ga Oktoba

Sun sha da safe, alhamdulillahi. Masu ciyawa sun gani.

Amsa ta zo. Na zaci faɗa zai yi. Tambaya ya jero: da wane sabulu na yi wanka, me na shafa, me na ci. Ikhlas ta ce, "Baba, Yaya fa ba ta fita ko ƙofar gida sai da humra." Na ji ya yi wani ɗan sauti, ban sani ba ko dariya ce.

"Ki ce mata barewa ba biki ta zo ba. Ta sa kayan da za ta hau da su a buhu, da ciyawa da kashin awaki, su kwana biyu. Ban da albasa. Kuma kada ta tafi ita kaɗai. Su tafi su biyu, ɗaya ya hau, ɗaya ya dawo a fili suna ganinsa. Ba su iya ƙirga ba." Sai ya ƙara, a hankali, "Ki ce mata ba rudun ne ke ɓoye mutum ba, zaman ne. Ita kuwa tun tana ƙarama ba ta iya zama ba."

Na ji haushi. Na tashi na zagaya ofis sau uku kafin na lura da abin da nake yi.

Laraba, 16 ga Oktoba

Buhun yana baranda. Muhsin ya kira daga Ras Laffan, na ba shi labari, ya yi ta dariya har da tari. Ya ce in maƙwabta sun kai ƙara kada in ambaci sunansa.

Na gwada zama a ƙasan falo ba motsi. Minti goma sha ɗaya. Saura kwana uku.

Alhamis, 17 ga Oktoba

Malam Bawah ya raka ni, na hau, ya juya yana tafiya a fili yana 'yar waƙarsa. Na ɗaura ɗamarar Muhsin. Na cire agogo na sa a aljihu.

Sun zo. Tsohuwar nan ta tsaya ta kalli kurnar, ta daɗe. Ƙuda ya sauka a gefen idona yana yawo, na bar shi. Ina ta salati a zuci. Sai ta sunkuya ta sha.

Ban taɓa ganinsu kusa haka ba sai a kan teburin fiɗa. Ina jin ƙarar haɗiyarsu. Wani ɗan ƙarami ya shigo har ƙarƙashina yana sosa wuya a ƙafar rudun, ina jin motsin a gwiwata.

Amma ba Mai Waya. Na bi su ɗaya bayan ɗaya da ido, ba ta ciki. Suka gama suka watse, takwas da rabi na sauko. Ko ta mutu ne a wani lungu? Masu ciyawa sun ce sun hango ta kwance can ƙarshen shinge.

Juma'a, 18 ga Oktoba

Yau ma na je, duk da Juma'a ce. Yau ma ba ta zo ba. Mudir ya turo saƙo: gobe ƙarfe huɗu.

Da la'asar ina tsaye a kicin salula ta yi ƙara, lambar Ikhlas. Na ɗauka na ce, "Ke, ya ce me?" Sai na ji, "Safiyyatu."

Na zauna a ƙasa, a nan gaban firji.

Baba bai tsaya doguwar gaisuwa ba. "Ƙarfe nawa kike saukowa?" Na ce takwas da rabi. "Me ke korar ki?" Na ce ai sun sha sun tafi. Ya ce, "Mai ciwo ba ta shan ruwa cikin jama'a, ture ta za su yi. Tana nan kusa tana kallo. Sai wuri ya mutu, rana ta ɗaga, kowa ya nemi inuwa, sannan take lallaɓowa. Kina saukowa ne daidai lokacin da take shirin tashi." Ya ce idan ta zo kada in ɗaga bindiga sai ta sa baki a ruwa ta haɗiya sau uku. Kuma in ta ruga da allurar kada in sauko, kada kowa ya bi ta.

Na ce to. Na ce, "Baba, maganar bindigar nan taka, na daɗe ina so in..." Ya ce, "Maganar barewa muke yi." Na ce to, Baba. Ya ce, "Ki ci abinci kafin ki hau. Mai yunwa motsi gare shi."

Minti huɗu da 'yan daƙiƙu. Na duba.

Asabar, 19 ga Oktoba

Hannuna har yanzu bai dawo daidai ba, rubutun ma ga shi nan.

Garken sun sha sun tafi kamar kullum. Takwas ta wuce. Tara. Ganyen dabinon ya ɗau zafi, zufa tana bin bayana kamar tururuwa. Ƙugu ya ƙage. Wani abu a cikina yana ta cewa sauka, ba za ta zo ba, je ki roƙi Mudir ya ƙara kwana. Ban san lokacin da muryar ta yi shiru ba. Na dai tsinci kaina ina kallon inuwar kurna tana janyewa daga kan kwamin, ba na tunanin komai.

Sai ga ta. Ba ta inda nake zato ba, ta bayan tankin. Taku uku ta tsaya, taku uku ta tsaya. Ƙafar ta yi kamar tulu, ƙudaje sun baibaye ta. Ta kai minti goma kafin ta iso. Ta sa baki. Ɗaya. Biyu. Uku.

Ban ji ƙarar ba ma. Jan gashin bayan allurar kawai na gani a cinyarta.

Ta zabura ta ruga. Na ƙanƙame katako don kada ƙafafuna su sauke ni. Ta yi kamar mita ɗari, ta tsaya, ta fara tangaɗi. Bayan minti bakwai ta durƙusa. Sannan na kira Malam Bawah, na sauko, ban san yadda na taka tsanin ba.

Na rufe mata ido da ɗankwalina. Shi yana zuba mata ruwa a jiki yana cewa, "Sannu, sannu, ka kusa warkewa." Wayar ta nutse cikin nama, zagaye biyu, sai da na tsaga kafin bakin filaya ya kama ta. Ruwan ciwo, tsutsa, wari. Amma jijiyar ba ta tsinke ba, kuma kofaton da ɗumi. Na wanke, na yi mata allurai, na ba ta ta farkarwa, muka ja da baya. Ta ɗaga kai. Ta tashi ta faɗi. Ta sake tashi, ta tafi.

Malam Bawah ya ɗaga guntun wayar, ko kamu ɗaya ba ta kai ba. Ya kai wa Mudir ya ajiye masa a kan tebur.

Na kira gida. Baba da kansa ya ɗauka. Na ce an yi. Ya ce, "Hannunki ya yi rawa?" Na ce a'a. "Bayan nan fa?" Na ce har yanzu yana yi. Ya ce, "To. Haka yake." Na ji yana gaya wa Inna, da ƙarfi, kamar tana nesa: "Harbi ɗaya."

Abin da ban faɗa wa kowa ba: lokacin da allurar ta shiga, wani daɗi ya taso mini tun daga ciki har maƙogwaro. Kafin in tuna da ciwon. Kafin in tuna ni likita ce.

Lahadi, 20 ga Oktoba

Mai gonar ya dawo. Ya ga rudun daga mota ya ce a tsaya. Ya tattare farar rigarsa ya hau, dattijo da shi, ma'aikata suna ta salati a ƙasa. Ya daɗe a sama. Da ya sauko ya tambaye ni a wace jami'a aka koya mini wannan. Na ce ba jami'a ba ce, babana maharbi ne. A gaban kowa na faɗa, da Larabcina mai ɗingishi.

Na kuma gaya masa maganar biyun da suka mutu, na ce ina cikin motar. Ya kalli Mudir, Mudir ya kalli takalminsa. Ya ce daga yau ba a sake bin barewa da mota. Rudun kuma a bar shi.

Alhamis, 24 ga Oktoba

Ta taka ƙafar. Kaɗan, amma ta taka. Baba ya kira jiya, wai yana tambayar irin ciyawar da suke ci a ƙasar da ba ruwan sama. Mun kai rabin awa.

Asabar, 2 ga Nuwamba

Na ce wa Muhsin zan je duba ciwon ne. Gaskiya ne ai. Ban ɗauki bindiga ba, madubi kawai.

Tare da garke ta zo yau, a tsakiyarsu. Kumburin ya saɓe, wurin ya bushe, ɗingishin dai ina jin ya zauna ke nan. Shida da rabi na gama ganin abin da na zo gani. Sai ban sauko ba. Ba wani dalili. Iskar ta fara sanyi, kuma ba aikin da ke jirana a ofis.

Wajen tara wani namiji ya zo shi kaɗai. Babba, ƙahoninsa sun murɗe sun yi baƙi, wuyansa kamar na ɗan maraƙi. Ban taɓa lura da shi ba. Ya tsaya a gicciye, taku ashirin, ya sa baki a ruwa. Na ji ina ƙirga haɗiyarsa.

Mai allura cinya take nema, inda nama yake da kauri. Ni ba cinyar na kalla ba. Idona bayan ƙafarsa ta gaba ya tafi, ɗan wurin nan da fata take motsi in ya ja numfashi, ya tsaya a nan bai gusa ba. Da ya ɗaga kai ya tafi, na ga yatsana ya lanƙwashe a jikin katakon tagar.

Ba komai ba ne. Gajiya ce, ina jin.

Sai goma ta wuce na sauko. Ciwon dai yana bukatar a sake duba shi ranar Litinin.